Karen Khaulah

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
Farkon watan Rajab

Zuwa ga Yaya Fatiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki da duk mutanen Gwammaja. Ya kasuwa? Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ba ya fashi, kusan kullum da la'asar sai ya sauko. Ƙaninki Malam yana fama da ɗalibansa a jami'a, ni kuma hawan jinin ya ɗan lafa.

Yaya, na zaɓi in rubuta da hannuna in ɗauki hoton takardar in turo miki, domin magana mai nauyi ba a yin ta a saƙon murya, inda mutum ke faɗin abin da bai auna ba. Na ji kiran da kika yi wa Malam ranar Juma'a. Ba laɓe na yi ba, muryarki ce ta cika falon. Kin ce an nuna miki hoton 'yarki Khaulah a tashar jirgi riƙe da kare, kin ce mun zubar da mutuncin gidanku a ƙasar mutane. To ga bayani daga bakin uwarta. Amma kafin nan, wanda ya ɗauki hoton yarinyar da ba ta ganinsa ya tura Kano, shi ya kamata a fara tambayar tarbiyyarsa.

Gaskiya ne Khaulah tana da kare. Sunansa Kopi, haka ya zo da sunan. Ba na farauta ba ne, ba na gadi ba, ba kuma irin wanda ake ɗorawa a cinya ana shafawa ba. Karen jagora ne. Wata ƙungiya ce ta horar da shi a wata ƙasa tun yana ɗan kwikwiyo don ya ja makaho, kuma Khaulah ta daɗe tana jira kafin a ba ta shi. Ita ma sai da aka koya mata yadda za ta bi da shi.

Kin san tun da ciwon nan ya gama cinye mata gani, ni nake kai ta jami'a. In kai ta ƙofar aji, in zauna a benci kamar mai gadi har a tashi. Da ta ce za ta gwada fita da sanda, sai ta faɗa kwalbati ta fasa haɓa, domin a nan masu babur a kan hanyar masu ƙafa suke ajiye baburansu. Yanzu idan aka ɗaura wa Kopi abin riƙonsa na aiki, yana tsayawa a bakin titi, yana kewaye babur, yana kai ta ƙofar jirgi. Na bi su da idona sun wuce shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawa Musulmin nan, ana soya kaza, ko juyawa bai yi ba. Na san 'ya'yan mutane da ba su da wannan kamun kai. A taƙaice ya zama ɗan gida.

Jama'a a nan ba su saba ba. Direban motar haya yakan gan su ya juya, wasu shaguna su tare su a ƙofa. Khaulah takan tsaya ta yi bayani, wani ya ji, wani ya ƙi. Duk wannan muna iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfinmu yana cikin gida. Benen da muke haya dogo ne, da lif ake hawa, kuma wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Mak Cik Rohani, ta kai ƙara wurin kwamitin gidan cewa ba ta yarda kare ya shiga lif ba. An sa taron mazauna a ƙarshen Sha'aban don a yanke magana. Malam ya ce in taro ya ƙi, kare zai koma inda ya fito, domin ba za mu tashi daga gidan da Khaulah ta haddace hanyarsa ba. Tun da kika kira shi kuwa, ya fara cewa me zai sa ma a jira taron.

Ke ce babba, maganarki tana da nauyi a wurinsa. Ina roƙonki ki janye ta. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Ɗelu


Gwammaja, Kano
Tsakiyar Rajab

Ɗelu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi da ya fara leƙowa. Kasuwa da godiya. Ki gaida ƙanina Malam Badamasi, ki gaida 'yata.

Takardarki ta iso, doguwa kamar huɗubar Idi. Na karanta, na sake karantawa. Ɗelu, na san ki da baki tun ranar da muka ɗauko ki daga Gumel, amma ban taɓa zaton wata rana a kan kare za ki yi mini wa'azi ba.

Kin ce ya zama ɗan gida. Wato a kwanonku yake ci ke nan? A kan dardumarku yake kwana? Gidan da ake sauke Alƙur'ani duk wata? Ni dai abin da na tashi na sani, kare najasa ne, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da yake. Mahaifinmu ko inuwarsa bai yarda ta gifta zaure ba.

Kuma ki faɗa mini, me ya sami ƙafarki? Uwa tana raye, da lafiyarta, sai a miƙa 'yarta ga dabba? Zaman bencin da kike ƙorafi a kansa lada ne ake rubuta miki. Sannan ku yi tunanin gaba. Yarinya ta isa aure, ga larurar ido, yanzu kuma ga kare. Wane namiji ne zai zo zance ana yi masa haushi?

Wannan dattijuwa da kike jin haushinta, ni na ga gaskiyarta. Musulma ce mai kiyaye tsarkinta. Ba zan ƙara kiran Badamasi a kan maganar ba, tun da kin roƙa, amma janyewa kam ban janye ba.

Yayarki,
Fatiha


Pantai Dalam
Ƙarshen Rajab

Yaya Fatiha,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Malam ya yi mura ya warke. Khaulah tana gaishe ki, ta ce in faɗa wa Gwaggo Kopi ba ya haushi, sai dai in saurayin ne zai yi.

Kin juya mini magana, Yaya. Da na ce ɗan gida, ban ce ɗan ɗaki ba. Kwanonsa daban, a baranda yake ci. Shimfiɗarsa tana lungun da muke shanya. Ɗakin da muke salla bai taɓa taka shi ba, an hana shi sau ɗaya ya kiyaye. Malaman da na tambaya sun ce tun da an yarda da kare don kiwo da gona da farauta, larurar makaho ba ta gaza ta tumaki ba.

Ƙafata lafiyarta lau, alhamdu lillahi. Amma ni da ke mun san ba a yi mini alkawarin zan kai bayanta ba. Ran da aka ɗauke ni, wa zai zauna a bencin? Uwar da ta mai da kanta sandar 'yarta har 'yar ta kasa taku sai da ita, ba gata ta yi mata ba. Game da aure kuwa, namijin da kare zai kora, gara ya kore shi tun yanzu kafin a kai lefe.

Yanzu ga labari mai daɗi. Kin ce kare najasa ne. To haka mutanen nan ma suke cewa, domin su mazhabar Shafi'iyya suke bi. Amma Yaya, ki tuna abin da aka karantar da mu a Islamiyya. A wurinmu Malikawa duk mai rai tsarkakakke ne, har kare. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sha a ciki umarni ne da ake bi, ba don jikinsa ƙazanta ne ba. Abin da muke yi a gida al'ada ce ta haɗu da ƙyama, muka ɗauka karatu ne.

Da na tuna wannan sai na ga ai magana ta ƙare. Ranar Alhamis akwai karatun mata a surau, wato ƙaramin masallacin da ke ƙasan benenmu. Na yi shiri na je. Malamar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Khaulah da yawa ba. Da ta gama na ɗaga hannu na miƙe. Na haɗa Turancina na sakandare da ɗan Malayancin da nake ji, na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce sun ɗora wa kansu nauyin da ba a ɗora musu ba, kuma saboda shi za su tauye marar gani. Na ce su koma su bincika.

Malamar ta yi murmushi ta ce malamai sun saɓa a kan wannan. Mak Cik Rohani ta gyara gilashinta ta ce, “Puan Ɗelu, nan Malaysia ce lah,” wato Malama Ɗelu, nan fa Malaysia ce. Ban da wannan babu wadda ta iya ba ni amsa. Na fito raina fes. Gaskiya ko a bakin baƙo ta fito sunanta gaskiya. Ina ganin taron nan mun riga mun ci shi.

Taki,
Ɗelu


Pantai Dalam
Cikin Sha'aban

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Ina fata shirunki lafiya ce.

Na ga alamar takardata ta shiga wayarki tuntuni, amma ko kanzil. Na kira, ba a ɗauka ba. In fushi kike yi don na ce miki abin da kika riƙe al'ada ce, ki faɗa mini a fili. Gaba ba ta halatta tsakanin Musulmi, balle tsakanin 'yan uwa, kuma babba ne ya kamata ya fi kowa sanin haka.

Abubuwa sun juya a nan. Matan da da ba ruwansu da maganar, waɗanda muke gaisawa har su kawo mana abinci ranar salla, duk sun koma bayan Mak Cik. In na shiga lif sai hira ta mutu. Mazajensu sun tare Malam bayan sallar Juma'a, cikin ladabi irin nasu, suka ce ba su san matarsa muftiya ba ce. Ya dawo bai ce mini komai ba, ya dai ci tuwonsa ya tashi, kuma kin san halin ƙaninki in ya yi haka.

Khaulah ce ta yi magana. Ta ce, “Umma, wa ya aike ki?” Na ce gaskiya ce ta aike ni. Ta ce, “Umma, please lah. Ni ban nemi kowa ya canza mazhaba ba. Lif kawai nake so in shiga.” Na ce mata ba a ɗaga wa uwa murya, ko da ana da gaskiya. Ta shiga ɗaki ta rufe.

Malam ya yi magana da mutanen ƙungiyar, sun ce in ta kama za su zo su ɗauke shi bayan taro. Ni dai ban sare ba. Abin da na faɗa a surau daidai ne, kuma ko gobe aka tambaye ni haka zan faɗa. Amma ina son jin ta bakinki, ko da faɗa ne.

Ɗelu


Gwammaja, Kano
Bayan rabin Sha'aban

Ɗelu,

Wa alaikumus salam. Sarkin saurin hukunci! Wa ya ce miki gaba nake yi? Santsi ne ya kwashe ni a bakin rumfata, ƙashin ƙafa ya goce, aka ɗaure ni aka kwantar. Wayar tana hannun ɗana Abdulgani, shi kuma ya ce kada a tayar muku da hankali, sai ya yi ta kallon kiranki yana wucewa. Na yi masa nasa faɗan. Yanzu da sauƙi, ina dogara bango.

Zan faɗa miki abu ɗaya, kada ki ɗauka na sauko. A kwancen nan ko bayi zan shiga sai na jira matar Abdulgani ta gama abin da take yi. Yarinyar kirki ce, ba ta taɓa ɓata fuska ba, amma jiran nan ya fi ciwon ƙafar ci mini rai. Na tuna 'yata da yawa. Karen dai har yanzu ba na son sa.

To amma abin da kika yi a masallacin mutane, Ɗelu, ko ni da nake bayan tsohuwar na ji miki kunya. Kin shekara nawa a garinsu kina shan ruwansu, sannan ki miƙe a gaban malamarsu ki ce ba su iya tsarki ba? Da wata Bamalayiya za ta zo Islamiyyarmu ta ce mun yi kuskure a alwala, da me za ki yi mata? Karatunki yana iya zama daidai, ni ban sani ba. Amma ni 'yar kasuwa ce. Wanda ya ƙi kayanka ba ka ce masa bai san atamfa ba, tambayarsa kake yi me ya gani a jikinta.

Kin cika mini takardu da maganar matar nan, amma babu inda kika ce kin zauna kin tambaye ta abin da karen ya yi mata. Mutum ba ya tashi haka kawai ya kai ƙarar makauniya. Ki yi dambun nama mai kyau, ki hau ki same ta a ɗakinta, ki bar wa'azin a bakin ƙofa tare da takalminki. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Yayarki,
Fatiha


Pantai Dalam
Daren jiran wata bai zo ba tukuna, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Yaya Fatiha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannu, Yaya, sannu. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Ki yafe mini zaton da na yi. Abdulgani kuwa ki ce masa ɓoye wa dangi ciwon uwa ba tausayi ba ne, rashin hankali ne, kuma zai ji daga gare ni. Mu nan lafiya lau.

Na bi maganarki. Ban ce abin da na faɗa a surau kuskure ne ba, amma na yarda ba a nan ya kamata in faɗe shi ba. Na yi dambun, na haɗa da cincin, na hau wurin Mak Cik Rohani. Ta buɗe ƙofa ta dube ni ta dubi kwanon, ta ce in shigo. Mutanen nan ko suna fushi da kai sai sun ba ka shayi. Da muka zauna na ce, “Mak Cik, ban zo da hujja ba yau. Me karen nan ya yi miki?”

Ta tashi ta ɗauko farin mayafin sallarta, irin dogon nan nasu da suke kira telekung. Ta ce wata la'asar ta dawo daga shago riƙe da shi a hannu, an wanke mata an goge, za ta sa shi ta sauka jam'i. Sai Khaulah ta shigo lif da Kopi, ruwa ya yi musu dukan tsiya. Ƙofa na rufewa ya girgiza jikinsa, ya fesa mata ruwa daga mayafin har fuska. Khaulah ba ta gani ba, ita kuma Mak Cik kunya ta hana ta magana.

A mazhabarsu, in jiƙaƙƙen kare ya taɓa abu sai an yi masa wankin da suke kira sertu, sau bakwai, ɗaya da ruwan da aka dama da ƙasa. Yaya, ta nuna mini hannuwanta. Yatsun duk sun kumbura sun karkace da ciwon gaɓɓai, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Ita kaɗai take zaune, 'ya'yanta suna wasu garuruwa. Da waɗannan hannuwan ta sauka ta ɗebo ƙasa, ta wanke mayafi da kayan jikinta ɗaya bayan ɗaya. Jam'in ranar ya wuce ta, kuma ta kwana biyu ba ta iya riƙe cokali ba. Ta ce, “Ina tausayin 'yarki, Puan. Amma a garin nan kullum ana ruwa. Hannuna ba zai iya ba.”

Na ce to in ba a jiƙe yake ba fa? Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana tana fitowa daga gabas. Ta ce busasshen kare in ya gogi busasshen tufafi ai babu komai, kowane yaro ya san wannan. Na je na tambayi malamar nan ta surau, wannan karon a gefe, ta ce haka ne. Ashe duk rigimar da na ɗauka ta kare ce, rabinta ta ruwa ce.

Na dawo na faɗa wa Khaulah. Ta ce in raka ta sama. Ta ba Mak Cik haƙuri da Malayancinta mai kyau, ba irin nawa ba. Daga nan muka kama aiki. Na sayo yadin laima na hau keken ɗinkina na yi wa Kopi rigar ruwa daga wuya har gindin wutsiya. I, Yaya, ki yi dariyarki, Ɗelu ta yi wa kare ɗinki. Muka ajiye tawul a ɗakin masu gadi. Khaulah ta koya masa ya riƙa girgiza jiki a waje in ta ba shi umarni, kuma a cikin lif ya tsaya a lungu, bakinsa na fuskantar bango, ita tana tsakaninsa da mutane.

Ranar Asabar aka yi taron a zauren ƙasa, wanda gefensa a buɗe yake ana ganin harabar gida. Ya cika. Shugaban kwamiti, Encik Adnan, mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya ce ya samo mafita: kare ya zauna, amma Khaulah ta riƙa bin lif ɗin baya, wanda ake sauke shara da kayan ƙaura da shi. Na ga mutane suna gyaɗa kai. Na waiga, har da ƙaninki. Na yunƙura zan tashi, sai Khaulah ta dafa gwiwata ta ce, “Umma, kin yi naki. Zauna.”

Ta miƙe ta gaishe su. Ta ce Kopi ba abin wasa ba ne, in an ga abin riƙon nan a jikinsa yana bakin aiki, kada a kira shi, kada a ba shi abinci. Ta ce duk ƙofar da aka hana shi shiga, ita aka hana, domin ba ta da hanyar shiga sai da shi. Sannan ta ce ta ji abin da ya dami maƙwabtanta, kuma suna da gaskiya, su ba ta izini ta nuna musu wani abu.

Ana ruwa a lokacin kamar da bakin ƙwarya. Ta sa masa rigarsa, ta buɗe laima, suka fita cikinsa. Muna kallo suka bi ta tsakanin motoci har bakin babbar ƙofa, suka kewaye wani babur da aka ajiye a kan hanya, suka juyo. A ƙarƙashin rumfar shiga ta tsaya ta faɗi kalma ɗaya, ya girgiza. Ta cire rigar, ta goge kansa da wutsiyarsa da ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta shafa bayansa da tafinta ta tabbatar, sannan suka shigo. Ya kwanta a gefen ƙafarta.

Wani mutum a baya ya ce wannan duk wasan kwaikwayo ne. Sai Mak Cik Rohani ta tashi, tana dogara laimarta. Ta buɗe jaka ta ciro takardar goge hannu, ta ninka, ta matso. Matan suka fara kiran sunanta. Ba ta kula su ba. Ta ɗora takardar a bayan Kopi ta danna, ta sake dannawa a wuyansa, ta ɗaga ta sama ta juya ta kowa ya gani.

Ta ce, “Kering.” Wato a bushe.

Sannan ta juya ga shugaba ta ce, “Adnan, ka taɓa shiga lif ɗin bayan nan? Ƙasansa kullum a jiƙe yake da ruwan shara. Ka tura kare can ya fito yana taka mana baranda da danshi? Kuma yarinyar ba salla take yi ba? Ni na kawo ƙara, ni kuma na ce boleh, na yarda. In ya bushe ya shiga na gaba.” Aka yi dariya, Encik Adnan ya ce shi ma dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

An ɗaga hannu, masu yarda suka yi rinjaye, da sharaɗin riga da tawul da tsayawa a lungu. Ba kowa ya ji daɗi ba. Mutumin bayan nan ya fice, kuma har yau akwai masu barin lif ya wuce in sun ga Kopi a ciki. Wannan hakkinsu ne, ba mu ce dole a so shi ba. Malam ya kira mutanen ƙungiyar ya ce ba sai sun zo ba. Malamar surau kuma ta roƙi Khaulah ta zo ta yi wa mata bayani bayan salla, a harabar waje. Ni an ce in zo, amma in zauna a baya.

Ban ce ki so shi ba ke ma, Yaya. Amma masu yawo da hoton nan, in sun sake zuwa rumfarki, ki gaya musu abin da ke cikin hoton: 'yarki ce za ta makaranta. Ki gaida matar Abdulgani, ki ce Allah Ya yi mata albarka. Allah Ya kai mu azumi lafiya.

Sai abu ɗaya da ya ɓata mini rai. Jiya Khaulah ta tashi daga aji, maimakon ta yo gida sai ta hau jirgi ta bi ƙawayenta Kampung Baru cin abinci, ba ta gaya wa kowa ba, ba ta shigo ba sai da aka idar da magariba. Na tsayar da ita a falo na wanke ta tas. Na ce 'ya mace ba ta kai magariba a waje, ko a Kano ko a Kuala Lumpur. Tana tsaye tana cewa “To, Umma, yi haƙuri, Umma,” tana danne dariya. Rabon da in yi wa yarinyar nan faɗan yawo tun kafin idonta ya tafi. Na yi shi jiya, Yaya, kuma ban rage komai ba.

Ƙanwarki,
Ɗelu